Godiya ga waɗanda suka rufa mana asiri a kwana biyun da muka yi a gona

Assalamu alaikum. Jiya Litinin da la'asar muka iso gida Katsina lafiya, ni da maman yara da yaranmu uku, bayan mun kwana biyu cikin tanti a gonar kawuna, can arewa da Daura ta wajen hanyar Mai'adua. Ko kaya ba mu gama kwancewa ba na zauna wannan rubutu, don akwai mutanen da in ban gode musu a bainar jama'a ba na yi butulci. Wasunsu ba su san Facebook ba, amma 'ya'yansu suna nan, don Allah a karanta musu.

Tafiyar nan ba shiri aka yi mata ba, bakina ne ya jawo ta. Ranar Laraba da daddare babban yaronmu, ɗan shekara 8, ya ce mini, "Baba, mu kullum hutunmu a falo yake ƙarewa." Ya ga hoton wasu yara a littafinsu na makaranta sun kafa tanti a daji, abin ya tsaya masa a rai. Kafin in yi tunani na ji kaina ina cewa ranar Asabar mu ma za mu kwana a daji. Ƙanwarsa 'yar shekara 5 ta hau tsalle, auta kuwa, da bai cika shekara 3 ba, ya taya ta ba tare da ya san abin da ake yi ba. A lokacin ba ni da tanti, ban kuma san inda za mu ba, ga hunturu ya kankama.

Godiya ta farko ta maman yara ce. Ba ta ƙaryata ni gaban yara ba, sai da suka yi barci ta ce, "Baban yara, wane dajin?" Na ce ina tunanin bakin dam ɗin Zobe, wajen Dutsin-Ma, ko ba komai akwai ruwa da iska. Ta dube ni ta ce, "Da yara uku, a wannan zamanin?" Maganar Zobe ke nan ta mutu. Ita ta ce in kira Kawu, tunda ya gama girbi, gonarsa fili ce fetal kuma kusa da gida. Ita ta tara rigunan sanyi da huluna da safa, da man kaɗanya saboda kaushi da fashewar leɓe, da gidan sauro, da farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Ina tsaye ina yi mata tsiya wai kamar masu hijira. Duk abin da na yi wa dariya a jakar nan sai da aka buɗe shi kafin mu dawo.

Sai maƙwabcina malamin makaranta, wanda ke kula da 'yan sikawut. Da farko rumfar biki na so in yi haya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga ɗaki ya fito mini da tantinsu. Daren Juma'a bayan isha'i ya zo tsakar gidana ya sa na kafa shi na kwance har sau biyu, yana haska mini da tocila. Ya ce in tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, in juya mata baya, ƙofar ta dubi kudu ko yamma. Malam, na gode, kuma na bi maganarka.

Mun so fita da hantsi, ba mu bar gida ba sai wajen sha ɗaya. Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne, amma da yara sai ka ninka lokacin: a Mashi aka tsaya fitsari, kafin Shargalle auta ya mayar da kokon da ya sha a cinyar uwarsa. Da muka sauka daga kwalta kuwa, ko kilomita biyu ba mu yi ba motar ta nutse cikin rairayi. Ina ta taka mai, ita kuma tana ƙara tona wa kanta rami. Wasu samari biyu da suka ɗauko kara a amalanke suka tsaya. Ɗayan ya ce, "Alhaji, daina ba ta wuta." Suka rage wa tayoyin iska, suka shimfiɗa karan dawa a ƙarƙashinsu, suka ɗaura igiya a bijimai biyu, sai ga mota a waje. Na miƙa musu abin goro suka ƙi karɓa, wai baƙin Kawu baƙinsu ne. Suka kuma ɗora yaran a amalanke har bakin gona. In ka tambayi yaran abin da ya fi musu daɗi a tafiyar gaba ɗaya, amalanken nan za su ce maka. Samari, ban riƙe sunayenku ba, amma Allah ya san ku, ya yi muku albarka.

Kawu, kai kam ban san ta inda zan fara ba. Tun kafin mu iso ya je ya shaida wa mai gari, ya kuma gaya wa 'yan sintiri cewa ɗansa na birni zai kwana a gona da iyalinsa. Wannan ko a mafarki bai zo mini ba. Ya ce yanzu ba da ba ce, in mutane suka hangi baƙon tanti da fitila cikin dare a bayan gari, kafin ka yi bayani an riga an yi gangami. Ina miƙa godiya ga mai gari, Allah ya ja zamaninsa, da samarin sintirin da suka riƙa kewayowa suna yi mana sallama daga nesa.

Ni a ƙarƙashin wani babban gawo na so mu kafa, don shi kaɗai ne kore shar a filin. Yaran sun yi mamaki da Kawu ya gaya musu cewa gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi ya tofo. Amma ya hana mu wurin, ya ce nan awaki da shanu ke taruwa cin 'ya'yansa, ga ƙaya a ƙasa. Ashe ya riga ya sa an share mana wuri kusa da rumbu, an tsince ƙarangiya. Dajin da na yi wa yara alkawari, tsakaninsa da katangar Kawu ko jifa ba ta kai ba. Na ɗan ji kunya, su kuwa ko a jikinsu. Turakun ƙarfen da suka zo da tantin gajeru ne, yashi ya ƙi riƙe su, sai da Kawu ya fiƙe wasu dogaye na itace.

Farkon daren ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Aka hura wuta, aka gasa dankali da gyaɗa, Inna matar Kawu ta kawo tuwon gero da miyar kuka. Tana ta tsokanar babban wai mijinta ya zo mata hannu rabbana, yarinyar kuma kishiya ce mai kwaɗayi. Ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, suka amsa "ta zo mu ji ta" da ƙarfi har karnuka suka ɗauki haushi. Hazo bai yi yawa ba ranar, Kawu ya nuna musu Kaza da 'Ya'yanta a sama. Babban ya ƙirga shida, ƙanwarsa ta rantse bakwai ta gani.

Abin da ya sa ni wannan rubutu da gaske ya faru ne wajen ƙarfe biyu da rabi na dare. Sanyi ya sauko irin wanda ban taɓa ji a cikin gari ba, yana ratso tabarma daga ƙasa. Auta ya farka da kuka, hannuwansa kamar ƙanƙara. Na fito, na ga garwashin wutarmu bai mutu ba. Na kwashe shi a kasko, na ƙara gawayi, na nufi tanti da niyyar in ajiye shi a kusurwa in ja zif in rufe ruf, ɗumi ya zauna. Ina durƙusawa a ƙofa na ji an ce, "Kai ɗan nan, ina za ka da wutar nan?" Inna ce da bargo a kafaɗa. Ashe ta kasa barci saboda tunanin jikokinta, ta fito ta duba mu. Na ce yaro ne ke jin sanyi. Ba ta tsaya jin sauran ba ta karɓe kaskon ta kai shi nesa ta kife. Ta ce, "Garwashi a rufaffen wuri barci yake sa mutum, irin barcin da ba a tashi."

Jikina ya yi sanyi, don na san gaskiya ta faɗa, na ma karanta a makaranta. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba hayaƙi ba ce balle ido ya gan ta. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Wanda yake farke zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa babu abin da zai tashe shi, kuma ƙananan yara ta fi saurin kayarwa. Ga shi yadin tanti da tartsatsi ɗaya yake narkewa. Duk wannan yana kaina, amma kukan yaro da magagin barci suka shafe shi. Mu biyar ne cikin tantin nan. Har yanzu in na tuna yadda hannuna ya riga ya kai kan zif ɗin, sai in ji gabana ya faɗi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta saɓa auta a baya ta ce wa uwarsa, "Taso 'yar nan, ku zo ɗakina." Manyan biyu suka ce su ba inda za su, a daji aka ce za a kwana. Kawu ya fito ya jingina zana biyu ta gefen da iska ke bugowa, ya sa muka ɗaga shimfiɗa aka zuba buhunan wofi da tattaka a ƙasa, ya ce sanyin ƙasa ya fi na sama cin mutum. Inna ta aiko da ruwan ɗumi a jarka an naɗe shi da zani, yaran suka sa ƙafafunsu a jiki. Haka muka kai asuba. Dare na biyu tun da magariba aka yi wannan shirin, auta da uwarsa kuma ba a ma yi gardamar inda za su kwana ba.

Inna, Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya ba ki lafiyar ƙafafun nan da kike kuka da su. Ba ni da abin biyanki.

Akwai sauran mutane. Matar Bafulatanin da ke maƙwabtaka da gonar ta kawo mana nono da madara da sassafe, ta ƙi karɓar ko sisi, Inna ta tafasa madarar kafin a ba yara. Ranar Lahadi yarinyar ta cika ciki da magarya da goriba, gudawa ta kama ta. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke auren ɗan garin ta bar aikin gidanta ta zo ta duba ta, ta nuna mana a zuba ƙullin gishiri da sukarin nan ɗaya cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba ta kaɗan kaɗan, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Ta ba mu ƙwayar zinki ta kwana 10. Kafin la'asar yarinya ta koma bin 'yan awaki. Malama, mun gode. Yaran garin ma ina gode musu, su suka koya wa nawa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kuma da babban ya nace sai ya shiga kududdufi, su suka gaya masa a nan ake ɗaukar tsargiya.

A hanyar dawowa mun tsaya rijiyar Kusugu a cikin Daura. Dattijon da ya zagaya da mu ya yi haƙuri da tambayoyin yara. Ya ba su labarin macijin nan Sarki da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da yadda Bayajidda ya sare kansa ya auri sarauniya Daurama, har ya lissafa musu Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Babban ya leƙa ya tambaya ko macijin ya bar 'ya'ya a ciki. Aka jawo musu ruwa da guga suka wanke fuska. Baba, Allah ya ƙara girma.

Malam maƙwabcina, tantinka yana nan na shanya, amma turke ɗaya ya ɓata a yashi, zan sa maƙeri ya ƙera maka wani. Kawu, a bayan mota mun tsinci butarka ta ƙarfe da bargon Inna, ban san wanda ya saka su ba cikin yaran, kowa ya ce ba shi ba ne. Zan bayar a tasha ranar Alhamis a kawo muku, in maman yara ta gama cire ƙarangiyar da ta maƙale a bargon.