Digirin digirgir a kan tururin nukiliyar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu

Wani ƙanena da ya kammala digiri na biyu a fannin fiziya ya same ni a Samaru yana tambaya ko dole sai ya fita Turai kafin ya yi digirin digirgir a kan tururin nukiliya da gurɓatar muhalli. Na ce masa, kafin ya shiga cike takardun neman tallafi, ya fara duba abin da ke gabansa.

A nan Zariya, a Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello, ake da na'urar nukiliya ta bincike tilo a Najeriya, wato NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom da ba a tace sosai ba a 2018. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne kawai, kuma ba don samar da lantarki aka kafa ta ba. Aikinta shi ne a saka ɗan samfurin ƙasa ko hatsi a harba masa niyutiron, wato ƙananan ɓurɓushin da ke fitowa daga cikin ƙwayar zarra, sannan a karanta sinadaran da ke ɓoye a cikinsa.

Abin bincike kuwa ba ya ƙarewa. A Filato, tarin yashin da haƙar kuza ta bari yana ɗauke da toriyom, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, kuma akwai masu ɗibarsa su yi gini da shi. A Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010. Gwajin bam ɗin da Faransa ta yi a hamadar Aljeriya a 1960, wanda ya sa Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961, ya bar siziyom-137, sinadari mai fitar da tururin nukiliya wanda rabinsa ke ɗaukar kusan shekara 30 kafin ya gushe, ga shi kuma daga hamada ƙurar hunturu ke zuwar mana.

Ni dai, da ni ne, da iskar radon zan bi, wato wata iska mai ɗauke da tururin nukiliya, domin duwatsu irin na Kufena sukan fitar da ita, ta shiga ruwan rijiyar burtsatse da ɗakunan da ba su da tagogi. Aiki ne mai son natsuwa: ana cika kwalba fal ba tare da kumfar iska ba, a garzaya da ita ɗakin gwaji, saboda cikin kwana 3.8 rabin radon ɗin ya tafi. Samfurin ƙasa kuma sai an rufe shi ruf kusan mako huɗu kafin a auna.

Abin da ke damuna da yawancin kundayen da na karanta shi ne, a auna ƙasa, a kwatanta da matsakaicin tururin da mutum ke samu daga muhalli a duniya, wato milisibat 2.4 a shekara (milisibat ma'aunin tururin da jiki ya samu ne), a rufe littafi. Na roƙi ƙanen nawa ya bi radon ɗin daga dutse zuwa rijiya, daga rijiya zuwa randar da yara ke sha, ya kuma auna da damina da rani, domin sakamakon gida guda yakan bambanta tsakanin lokutan biyu.