Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na rufe wa Goggo ƙofa

"Zumunci a ƙafa yake." Da wannan maganar Goggo ta tsaya a tsakar gidana, tana ɗaga murya don in ji daga ɗaki. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Lokacin kwana tara da yi mini ƙarin ruwan kemo na biyu, wato maganin sankarar mama da nake fama da ita. Kun san duk bayan kwana 21 nake komawa. Likita ta riga ta zaunar da mu, ni da maigida, ta ce maganin da ke kashe sankarar maman nan shi ne kuma ke taɓa ɓargo, inda fararen ƙwayoyin jini suke fitowa, su ne sojojin jiki. Tsakanin kwana na 7 da na 14 suke yin ƙasa sosai. A kwanakin nan, cutar da wani zai yi kwana uku ya miƙe, ni tana iya kai ni kushewa.

Kuma na riga na ɗanɗana. Bayan kemo na farko zazzaɓi ya rufe ni da dare, na ce na sauro ne, na aika Auta kemis. Allah Ya sa maigida ya auna ni kafin in haɗiyi farasitamol, ya ga ya haura 38, ya ce tashi. An ce mana in ya kai 38 ba a jiran safiya. Da aka gwada jinin, sojojin ba su kai 500 ba, alhali sai sun kai wajen 1,500 ake sake ɗaura wa mutum kemo. Kwana biyar na yi a gadon asibiti. A kwana biyar ɗin nan ƙafar Goggo ba ta tako ba. Zumunci a ƙafa yake!

Daga nan aka rubuta mini allurar filgrastim. Ba a yin ta ranar kemo, sai awa 24 ta wuce, sannan kullum ɗaya a fatar ciki. Ɓargon take zaburarwa, shi ya sa ƙuguna da ƙwaurina suka riƙa ciwo kamar ana daka su a turmi. Firiji take so, amma kada ta daskare, mu kuwa wuta sai ta ga dama. Gidan maƙwabciyarmu mai sola Auta take kai ta, ta ɗauko ɗaya duk yamma. Kuɗin allurar kuwa, filin da Baba ya bar mini ne ya tafi.

To ina cikin wannan Goggo ta zo da mata shida, ɗaya da goyo yana tari. Sun kawo fura da nono da kwaɗon latas, duk abin da aka hana ni, da Maltina da madara wai na ƙarin jini. Ba wannan jinin ne ya yi ƙasa ba. Maigida ya durƙusa ya ce, "Goggo, ku yi haƙuri, likita ce ta hana." Ta ce tunda take ba ta taɓa jin inda aka kori 'yan dubiya ba. Ina ji, hannuna a kan sakata, ina kuka, ban buɗe ba.

Ran bikin Auta, Goggo ta sake maimaita maganar a gaban dangin ango. Na gaishe ta, na ajiye mata abincinta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin filin.