Abin da harhaɗa Vim a kan kwamfutoci mabambanta ya koya mini

Duk mai kula da ɗakin kwamfuta a Maradi ya san da wuya ya sami na'urori biyu iri ɗaya, domin yawancinsu na hannu ne, wasu sun shigo ta Jibiya, wasu ta Kwatano, kowace da shekarunta da tsarin da aka zuba mata. A ɗakin da nake koya wa ɗalibai rubuta manhaja akwai masu Debian da masu Fedora, waɗanda duka nau'o'in tsarin Linux ne, akwai masu Windows, ga kuma ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi. Na so kowa ya yi aiki da edita ɗaya, shi ya sa na zaɓi in harhaɗa Vim, editan rubutu, daga tushensa a kan kowace na'ura, wato in mayar da ainihin rubutun manhajar ya zama abin da na'ura za ta iya gudanarwa. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan wanda ya rasu a watan Agustan 2023, ya fitar da Vim a 1991 domin kwamfutar Amiga, kuma tun daga lokacin manhajar take yawo daga wannan tsari zuwa wancan.

Darasin da ya fi zauna mini ya shafi configure, rubutun da ake fara gudanarwa a Linux kafin make, umarnin da ke yin harhaɗawar. Aikinsa tambaya ne: yana harhaɗa ƴan ƙananan manhajoji na gwaji don ya ga abin da na'urar take da shi, sannan ya rubuta amsoshin cikin auto/config.h da auto/config.mk. Idan bai sami laburaren allo irin ncurses ba, yakan tsaya ya faɗi abin da ya rasa, kuma wannan mai sauƙi ne, sai a zuba libncurses-dev a Debian ko ncurses-devel a Fedora. Inda wahalar take shi ne wurin da yake yin shiru. Idan fayilolin X11 (tsarin tagogin allo a Linux) masu ƙarewa da .h ba su nan, zai wuce abinsa, make ya ƙare lafiya, Vim ya buɗe, amma ɗalibi ya kwafi rubutu ya kasa liƙa shi a wata manhajar. Haka ma Python, harshen rubuta manhaja da ake iya haɗawa cikin Vim: ko da an nema da --enable-python3interp, idan kayan haɗinta ba su cika ba, sai a bar ta a baya ba tare da aikin ya tsaya ba. A ganina wannan shirun ya fi kuskuren da ke bayyana illa, domin matsalar ba ta fitowa sai tsakiyar darasi, a hannun wanda bai san an rage masa komai ba. Yanzu ba na gudanar da configure sai da --enable-fail-if-missing, wanda ke tsayar da shi idan harshen da aka nema bai samu ba, kuma da zarar an gama nakan buga :version in bi jerin da idona, inda alamar tarawa ke nuna abin da ya shiga, ta ragewa kuma abin da aka bari.

Tsadar intanet ta sa muna yawo da tushen a filashi, kuma nan ma akwai tarko. Configure yana ajiye amsoshinsa a auto/config.cache, don haka idan aka kwashe jakar daga kwamfutar Intel zuwa Raspberry Pi mai injin ARM, sabuwar na'urar takan gaji amsoshin da ba nata ba, tare da fayilolin da aka harhaɗa wa wani injin. Maganin shi ne make distclean kafin a kwafa. Idan kuma tushen ya bi ta Windows aka sauya masa ƙarshen layuka, configure ba zai ma tashi a Linux ba.

A Windows da kanta ba a bin hanyar configure. Akwai Make_mvc.mak domin kayan Microsoft, akwai Make_ming.mak domin MinGW, wasu kayan harhaɗawa na daban, kuma mutum ne yake faɗin abin da yake so, kamar FEATURES=HUGE da GUI=yes, ya kuma nuna wurin da Python take. A nan na fahimci yawan nauyin da configure yake ɗauke mana a Linux, domin duk tambayar da yake yi wa na'ura, a Windows kai ake yi wa.

Gwajina na ƙarshe a kowace kwamfuta shi ne rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan suka fito a gurɓace, ɗalibai sukan zargi harhaɗawar, alhali sau da yawa saitin harshen na'urar ne ba ya kan UTF-8, tsarin da ke ɗauke da irin waɗannan haruffa, ko kuma salon haruffan allon ba shi da su, kuma sake gudanar da make ba ya gyara ko ɗaya daga cikin biyun.