Ruwan sukarin da na ba ƙudan zumana a lokacin marka

Amya bakwai gare ni a bayan gonarmu a ƙasar Maƙarfi, duk na katako masu sanduna a sama. Bara waccan, cikin watan Agusta, biyu suka yi ƙaura. Da na buɗe sai na tarar da saƙa fayau, ba zuma ko ɗigo, ba ƙwai. Laifina ne. Da bazara, bayan furen ɗorawa da kaɗanya da mangwaro ya wuce, na kwashe zumar tas ban bar musu ta ci ba. Marka ta zo, a yi kwana uku ana yayyafi ba damar fita, ɗan furen da ke akwai ma ruwa ya wanke shi. Ƙudan zuman ƙasarmu kuwa ba sa zaman yunwa, tashi suke yi.

Ranar farko da na ba sauran biyar ɗin abinci, ɓarna na yi. Mazarƙwaila ga ta nan a ƙofar gida, sai na jiƙa ta a faranti na ajiye gindin bishiya da hantsi. Kafin azahar ƙudan wasu sun cika wurin, faɗa ya kaure a bakin amyar da ta fi rauni, da yawa sun nutse a farantin, tururuwa kuma sun yi layi. Wani dattijo da ya daɗe yana ɗora amya a bishiya ya zo ya tsaya yana kallo.

"Ɗana, ai ɓarayi ka kira."

"To Baba, yaya zan yi?"

"A ciki ake ba su, kuma da magariba."

Tun daga nan farin sukari kawai nake saya, don dattin da ke cikin mazarƙwaila yana sa su zawo. Kilo 1 na sukari, lita 1 ta ruwan ɗumi, in juya har ya narke. Ba na dafa shi a wuta, sukarin da ya ƙone yana cutar da su. Sai in zuba a roba, in huda murfin da allura, in kife ta kan kara biyu a bayan saƙar ƙarshe. Rabin lita nake sawa a lokaci guda, domin idan ya kwana uku ko huɗu yakan yi tsami. Bakin amya na rage shi zuwa faɗin yatsa biyu, ƙafafun teburin da amyar ke kai kuma na tsoma su a gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa. Cikin mako biyu sarauniya ta koma zuba ƙwai. Garin furen da ake renon tsutsa da shi, wanda sukari ba ya bayarwa, daga furen da ke saman masarar gonarmu suke ɗebowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai saye. Abin da suka tara daga ruwan sukari ba zuma ba ne, ko da sun rufe shi da kaki. Mutum ya zo neman zuma don maganin ɗansa, ba zan iya kallon idonsa in ba shi wannan ba. Shi ya sa da ruwa ya fara ɗaukewa fure ya dawo nake cire robar, in sa alamar gawayi a kan kowace sanda da ke ciki lokacin ciyarwa. Waɗannan nasu ne, ba na yanka su.

Duk biyar ɗin sun kai kaka. Bana da na zo ɗiba, saƙa uku cike na bar wa kowace amya, kuma biyu kaɗai suka buƙaci sukari.