Kwana shida a bakin tekun Gana

Tun da na dawo nake cewa zan rubuta labarin tafiyar nan ban samu zama ba sai yau. Mu biyu muka tafi ni da wani abokina, mun bar Akra da sassafe muka miƙi hanyar yamma wadda take bin gaɓar teku, niyyarmu dama ba manyan birane bane, ƙananan garuruwan masunta muke so mu gani mu taka yashi mu ɗan yi ninkaya. Ni na iya ruwa tun ina yaro amma a kogi da tafki na koya, a zatona ruwa ai ruwa ne, ashe da sauran karatu a gabana.

Cape Coast muka fara sauka, kusan kilomita 150 daga Akra, washegari muka ƙarasa Elmina da yake babu nisa. Abin da ya fara kama min ido a Elmina kwale-kwale ne, jibge a bakin tafkin Benya inda yake haɗuwa da teku, ko wanne da fentinsa da tutocinsa, mutane na ta jan raga ana kiraye kiraye. A gefe kuma ga farin ginin nan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Mun shiga ɗakunan ƙasa inda ake tsare bayi kafin a zuba su a jirgi, duhu ne da zafi ga wata 'yar ƙofa da mutum ɗaya ma sai ya karkace zai wuce, ta nan ake fitar da su. Wallahi da na fito na kalli tekun sai naji ya canza min, ranar ban iya shiga ruwa ba, zama kawai nayi akan dutse har magariba.

Dajin Kakum kuma mun je an hau gadar igiyan nan da aka ɗaura tsakanin bishiyoyi, guda 7 ne a jere, wani wurin tsayinta daga ƙasa ya kai mita 40. Tana lilo kam amma da daɗi, ka je da wuri kafin mutane su cika.

Inda na fi so duk tafiyar shine Busua, wani ɗan gari bayan ka wuce Takoradi da kamar kilomita 30. Yashi ne shimfiɗe mai faɗi, ga bishiyoyin kwakwa, can cikin ruwa kana hango wani ɗan tsibiri, yara matasa na hawa igiyar ruwa akan allo kamar an haife su a kai. Da ƙafa zaka iya zuwa Dixcove ta yamma ko Butre ta gabas, kowanne da tsohon ginin Turawa a kan tudu. To a hanyar Butre ne abin ya faru dani. Muna tafe a bakin ruwa rana ta yi zafi, ko ina igiyar ruwa na fashewa da kumfa sai na hango wani ɗan tsakani da yake kwance lumui babu kumfa, launinsa ma ya ɗan fi duhu, nace yawwa nan ne wurin wanka. Na tuɓe riga na shiga, ruwan bai wuce ƙirjina ba naji yashin ƙarƙashin ƙafata na zarewa, kafin in ankara ƙafata ta bar ƙasa kuma gaɓa sai ƙara nisa take ina gani, na dage ina ninkaya da duk ƙarfina wajen tudu amma kamar ana riƙe dani, hannuwana suka fara mutuwa na sha ruwan gishiri ya kai sau uku ina ta salati a zuci. Sai na hango wani dattijo da yake gyaran raga ya miƙe yana min nuni da hannu, ba wajensa yake kirana ba, gefe yake nuna min. Na juya na bi gefen, ban yi nisa ba naji jan ya sake ni, igiyar ruwa da kanta ta turo ni har inda ƙafata ta taɓa ƙasa.

Da na fito jikina na rawa nace sannu Baba, na gode, Allah ya saka. Yace ɗana zauna ka huta tukun. Shi ya zana min abin a yashi da yatsa, duk ruwan da igiya ta watso gaɓa dole ya koma, to sai ya nemi wata 'yar hanya mai zurfi tsakanin tudun yashi ya bi ta da gudu, saboda zurfin ne igiya bata fashewa a wurin shi yasa kake ganinsa a kwance. Ba ƙasa yake jan mutum ba, can cikin teku yake kai shi, kuma yawanci bashi da faɗi, gajiya ce take kashe mutane dan sun ce sai sun yi kokawa dashi. Abin da ya dame ni har yanzu, da yawanmu masu zuwa daga nesa wurin nan mai kama da lafiya shi zamu zaɓa, kuma har da yara muke zuwa.

Daga ranar na fara lura da tekun sosai. Ashe sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da dare, kullum kuma lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50 saboda wata yake bi, idan wata ya tsaya ko ya kai daren sha huɗu cikar tafi yawa janyewar ma haka. Da safe idan ya janye zaka yi tafiya mai nisa akan jiƙaƙƙen yashi mai tauri, ƙananan ƙaguwa na ta gudu suna shigewa rami.

Ranar ƙarshe muka ɗauki hanyar Cape Three Points, ƙarshen ƙasar Gana ta kudu, hanyar ta wahalar damu ba kaɗan ba ga ƙura ga ramuka. Akwai hasumiyar fitila da take yi wa jirage jagora, daga gindinta duk inda ka juya ruwa ne sai duwatsu da igiya ke duka. Abokina yace mu sauka mu ɗan jiƙa jiki kafin mu juya, nace to amma bari mu fara samun ɗan gari mu tambaye shi inda ake shiga. Wani saurayi ya raka mu wani lungu da duwatsu suka kare, nan muka yi wankanmu har la'asar sannan muka kama hanyar Takoradi.