Ranar da na sallami motar Baba

Jiya na kwashe kayana daga ofis. A can ƙasan durowa, ƙarƙashin tsofaffin takardun lodi, na tarar da hoton fasfo guda huɗu a cikin 'yar leda. Na yaron motar Baba ne, wani direban tirelarmu. Ya ba ni ajiyarsu ne saboda na yi masa alkawarin idan sun dawo daga Kano zan raka shi ya yanki lasisin koyon tuƙi. Yau shekara biyu da wata uku ke nan.

Shekara bakwai na yi ina sallamar motoci a garejinmu na Apapa da ke Legas. Wanda ya yi aikin ya san komai a kan sa hannunka yake, kai za ka ce mota ta tashi, kai za ka ce ta kwana. Na sallami motocin da ban san adadinsu ba, amma idan aka ce in faɗi abin da na koya, mota ɗaya ce ke zuwa mini.

Ranar Alhamis ce. Motar ta yi kwana uku kafin ta samu ta ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Tun da aka kawo Eto a 2021, tsarin kiran motoci shiga tashar bi da bi ta intanet, layin ya ragu, amma duk wanda ke harkar ya san har yanzu kwana a kan titi bai ƙare ba. Mai kaya yana ta kira daga Kano kamar zai fasa wayar. Bayan la'asar Baba ya leƙo ofis ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka." Dattijo ne ɗan Funtuwa, ya fi shekara talatin a kan tirela, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ya sa yaron ya kaɗa ruwan omo a gwangwani, ya zuba a kan tiyon iska. Nan take kumfa ta fara tashi, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe inji ya nuna mini geji, allura na sauka a hankali ina kallo. Ya ce, "Motar nan tana zubar da iska. A ba ni kwana ɗaya a canza tiyo, ni ma in runtsa, rabona da barcin kirki tun Litinin."

Na hau sama wurin manaja. Ko kai bai ɗago ba. Ya ce wace mota ce ba ta zubar da iska? A ɗaure da roba, idan sun isa Ogere, matsayar tireloli a hanyar Ibadan, su nemi bakanike. Idan kuma tsohon ba zai tafi ba ya ajiye makulli, ga direbobi can a bakin get suna neman aiki. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Wannan "to" ɗin ita ce laifina, kuma ba zan ce ban sani ba. Na ga kumfar da idona. Na kuma san abin da ba kowa ya sani ba: a mota mai lafiya, idan iska ta ƙare birki kamawa yake da kansa, amma a tamu an daɗe da kwance wannan don kada ta riƙa cijewa a hanya. Da wannan sanin na sauko, na buɗe takarda, inda aka rubuta birki na sa alamar lafiya, na rattaba hannu. Baba ya karɓa ya duba, ya dube ni, ya ninke ta ya sa a aljihu. Iyakar abin da ya ce, "Allah ya sa mu dace." Yaron ya gama ɗaure tiyon da robar tsohon tif, ya ɗauki butarsa da rishonsu ya haye yana ɗaga mini hannu.

Ba su kai Ogere ba, ko Berger da ke mafitar Legas ba su kai ba. A gangarar da ke kusa da gadar Otedola, wurin da tankar mai ta kama da wuta ranar 28 ga Yuni 2018 ta ƙone motoci sama da 50, suka tarar da cunkoso. Baba ya taka birki, babu. A gabansa danfo ce, ƙaramar bas ta haya, cike da mutane. Ya karya kan motar dama ya rungumi kankaren gefen titi, kuma dama ita ce ɓangaren da yaron yake zaune. 'Yan danfon babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Kwantenar ma ba ta faɗo ba, domin Baba ba ya tashi sai ya bi makullanta huɗu ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Wanda ya tuna Ojuelegba a Janairun 2023, inda kwantena ta faɗo kan bas ta kashe mutum tara, ya san abin da dattijon nan ya tsare mutane daga gare shi a daren.

Washegari muka yi wa yaron sutura a Agege. Ni na kira mahaifinsa. Bayan ya yi salati, tambaya ɗaya ya yi mini: an yi masa sallah? Na ce an yi. Ya ce to Alhamdulillahi, ya yi mini godiya.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake cina. Rahoton kamfani ya fito da cewa gudun wuce sa'a ne da sakacin direba. Da na yi ƙoƙarin buɗe baki, manaja ya zaro takardar nan ya ajiye a gabana ya ce, "Sa hannun wa ne wannan?" Na yi shiru karo na biyu. Aka sallami Baba yana kwance a asibiti da karaya biyu, ko sisi ba a ba shi ba. Mutane suka yi ta cewa ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, kwanan yaron ne ya ƙare. Amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, mu kuwa da roba muka ɗaure namu, muna sane.

Tun daga lokacin, idan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fitar da alƙalumanta, sama da mutum 5,000 a shekara, kuma gudu ne kan gaba a dalilai, sai in riƙa tambayar kaina nawa ne daga ciki aka ƙulla su a ofis irin nawa. Direba ba ya gudu haka kawai idan ba a ce masa dole kaya su sauka gobe ba. Ba na raina ƙoƙarin hukuma. Tun 2017 aka tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya, dokar tirela da tanka a babban titi kilomita 60 ce a awa, 'yan LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, suna kan titi rana da ruwa. Sai dai na'urar, kowa ya san bakaniken da ke kwance ta. Kuma duk kamun da ake yi a kan titi yake ƙarewa, a wuyan direba. A shekara bakwai ban taɓa ganin an hau bene an kama wanda ya ba da umarni ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ka duba lambobi huɗun nan na jikin taya, mako da shekarar da aka yi ta, kada ƙyallin tokumbo ya ruɗe ka. Direban da idonsa ya bushe da tsakar dare yana ta surutu, ka bincika me ya sha. Ganyen bishiya a kan titi ba ya haska wa kowa da dare. Lambar kiran gaggawa 112 ta kasance a bakin kowane yaron mota.

Bayan abin nan, mota goma sha ɗaya na ƙi sallama. An ba ni takardar gargaɗi sau biyu, an tsallake ni a ƙarin girma, waɗanda na koya wa aiki suka wuce ni. Amma babu motar da ta sake fita da sa hannuna tana zubar da iska. Ƙanena da ya karɓi kujerar, abu ɗaya na faɗa masa: duk wanda ya ce ka sallami motar da ba ta da lafiya, ka ce ya turo maka a rubuce, ko a WhatsApp ne. Sai ka ga yadda murya ke sauka.

Manajan yana nan a kujerarsa. Motar an sa mata sabon kai, makon jiya ma ta yi Kano. Baba yana gadi a wani gida a Agege, yana ɗingishi. Duk Juma'ar da muka haɗu sai ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ya iyali?" Bai taɓa tayar mini da maganar takardar ba, ni kuma har yau ban samu bakin da zan fara ba.

Ranar Asabar zan tashi gida. Na karɓi kwatancen garinsu yaron a wurin Baba, zan sauka a Funtuwa in shiga motar ƙauyen, in kai wa mahaifinsa hotunan, in faɗa masa wanda ya sa hannu.