Gwankin da na raunata a dajin Binuwai

Ina da shekara 64 lokacin da na fara bin sawun babban naman daji da bindiga a kafaɗa. Tun ina yaro nake da wannan buri. Kawuna mahalbi ne a wajen Madarunfa, kuma a tsakar gidansa na fara ganin ƙahon gwanki rataye a jikin rumbu, ƙura ta rufe shi. Yakan ba mu labarin lokacin da dajin Baban Rafi ke da nama, kafin farin 1973 da na 1984 su bi ta kan ƙasar nan, kafin gonaki su cinye inda da sai mai ƙarfin hali ke shiga. Ni kuwa kasuwa ta ɗauke ni. Shekara arba'in ina tsakanin Maraɗi da Jibiya da Kano, kullum ina cewa idan na aurar da yara, idan na sauke farali, idan kuɗi suka zauna, zan je in ga daji na gaske. Abin da nake so in faɗa muku, ƴaƴana, shi ne yadda wannan jira ya cuce ni, da kurakuran da na tafka bayan kuɗin sun samu.

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka kuɗi ne kaɗai ke tsakanina da farauta. Ban taɓa tunanin cewa dajin ma ba zai tsaya jirana ba. Wurin da na sa a raina shi ne gabashin Burkina Faso, wajen Pama, inda ake da yankunan farauta a gefen gandun Arli, kusa da gandun W da muke tarayya da Burkina da Benin. Daga Yamai tafiyar ba ta da nisa. Da na tashi tun ina ɗan shekara 45, da mota kawai zan shiga. Amma sai a 2018 na motsa, daidai lokacin da masu ɗauke da makamai suka fara mamaye wannan daji. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari na Benin, aka kashe ɗan ƙasar da ke yi musu jagora. Daga nan kowa ya san hanyar ta rufe.

A nan na yi asarar farko, kuma laifina ne. Wani dillali a Yamai ya ce ya san masu sansani a can, na ba shi kuɗin kafin alƙalami hannu da hannu, kamar yadda muka saba a kasuwa, inda maganar mutum ita ce takardarsa. Ban nemi rasit ba, ban nemi yarjejeniya a rubuce ba, ban ma yi magana da masu sansanin da bakina ba. Da tafiya ta lalace sai ya ce kuɗi sun riga sun wuce can, can kuma babu mai ɗaukar waya. Har yau ban san wanda ya ci su ba. Wannan harka ba ta Kasuwar Maraɗi ba ce, inda idan mutum ya ci amanarka ka san gidansu, ka san limamin unguwarsu. Duk mai sansanin kirki zai ba ka takarda da ta faɗi kwana nawa, dabba nawa, me zai faru da kuɗinka idan tafiya ba ta yiwu ba. Wanda ya ƙi ba ka ita, ka riƙe kuɗinka.

Bayan haka na zauna na yi tambaya, abin da ya kamata in fara da shi. Na gane cewa ba ko'ina ake wannan farauta ba. Kenya da ake yawan ambata ta hana ta tun 1977, can sai kallo. Botswana ta hana a 2014, ta sake buɗewa a 2019. Tanzaniya na yi, daga Yuli zuwa Disamba, amma tsadarta ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Namibiya da Afirka ta Kudu sun fi sauƙi ga mai farawa. Ni dai na zaɓi arewacin Kamaru, wajen Garwa, inda ake da gandun Binuwai da Faro da Buba Njidda, da yankunan farauta a kewayensu. Cikin gandun kansa ba a halbi, sai a yankunan da gwamnati ta ba da haya. Na zaɓi can ne saboda da rani ake yi, irin yanayin da jikina ya sani, kuma a Garwa da Hausa za ka yi ciniki, ka yi salla, ka nemi hanya.

Ku san kuma cewa kuɗin da aka fara faɗa maka ba su ne kuɗin ba. Akwai na kwana, wanda kake biya kowace rana ko ka halba ko ba ka halba ba. Akwai na lasisi. Akwai na kowace dabba daban. Akwai ihsanin da ake yi wa masu bin sawu da masu fiɗa da mai dafa abinci, wanda babu mai mutuncin da zai tafi bai yi ba. Idan kana son ƙaho ko fata su biyo ka gida, wannan ma da kuɗinsa da takardunsa, wasu dabbobin har sai da izini na musamman a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Kusan komai da yuro ake lissafa shi, yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, don haka ka riƙa juya kowane adadi zuwa sefa kafin ka ce to. Ni ban yi ba, sai a sansani na ga yadda abin ya taru.

Maganar bindiga ba zan daɗe a kanta ba. Na ɓata watanni ina neman yadda zan tafi da tawa, ban san izinin riƙe bindiga na ƙasarka ba ya tsallake iyaka ba. Ƙarshe hayar ta sansani na yi, kuma da ita ya kamata in fara.

Babban kuskurena yana jikina ne. Shekara arba'in ina zaune a shago, daga mota sai tabarma. Ina da hawan jini, amma ban je wurin lokotoro na ce ga abin da zan yi ba, don ina tsoron ya hana ni. Na sayi sababbin takalma masu kauri kwana uku kafin tafiya, na sa su a jaka ban taka ko sau ɗaya ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar na fafe nawa. A can ana tashi ne kafin asuba. Mota ta kai ku inda aka ga sawu, daga nan sai ƙafa. An ƙone ciyawa, ƙasa duk toka da kututture, ga ƙananan tuddan da tsutsotsi suka gina da damina sun bushe sun zama kamar duwatsu, kowane taku sai idon sawu ya murɗe. Tsando yana cizo ta cikin riga idan kun kusanci ruwa. Kafin hantsi ya yi kyau a rana ta biyu, dugadugaina duka sun yi bororo, sun fashe, safa ta manne da jini. Masu bin sawu biyu ne a gabana, dattijo da saurayi. Suna tafiya ba sa magana, sai nuni da yatsa. Duk bayan ɗan lokaci dattijon zai ɗebi toka ya sake ta don ya ga inda iska ke kaɗawa. Nakan ga sun tsaya suna jirana, su kau da kai kamar suna duba wani abu don kada in ji kunya.

A rana ta huɗu muka cim ma gwanki. Wanda bai taɓa ganinsa a daji ba ba zai gane ba. Tsayinsa kamar doki, fuska baƙi da fari, kunnuwa dogaye masu tuntu a baki, ƙaho ya lanƙwasa baya. Mace ma tana da ƙaho, shi ya sa dole ka jira ƙwararren mahalbin da ke tare da kai ya tabbatar maka namiji ne, kuma tsoho. Mun yi kusan awa huɗu muna bin sa. Numfashina yana sama, gwiwoyina na rawa. Aka kafa mini sandunan nan uku da ake ɗora bindiga a kai. Bindigar .375 ce, wadda ake amfani da ita ga manyan dabbobi tun 1912, ni kuwa abin da hannuna ya sani shi ne bindigar halbin zabi da zomo. Sau uku kacal na gwada ta a sansani, naushinta ya razana ni, na ce ya isa don kada a ga na kasa. Mahalbin ya raɗa mini: "Alhaji, bi ƙafar gaba ka hau sama, kashi ɗaya cikin uku na jiki. Idan ba ka natsu ba, bari." Na ji wannan kalma, bari. Amma na tuna shekarun da na yi ina jira, na tuna kuɗin, na tuna ƙafafuna da ba za su iya wata tafiyar ba. Na yi bisimilla, na runtse ido saboda tsoron naushi, na ja kunama.

Gwankin ya ƙanƙame jiki, ya ɗaga baya, ya shiga daji. Da muka isa inda ya tsaya, dattijon ya durƙusa, ya shafa ƙasa, ya nuna mini yatsansa. Jinin baƙi-baƙi ne, gauraye da ɗanyar ciyawar tumbi. Da huhu na samu, da jinin ja ne mai kumfa, kuma da bai yi nisa ba. Ya dube ni ya ce: "Baba Alhaji, ciki ne." Bai ƙara komai ba.

Mun bi shi har rana ta faɗi. Ni ban iya kai ƙarshe ba, aka bar ni a gindin wata bishiya da gorar ruwa, ina zaune ina sanin cewa a cikin dajin nan akwai wata halitta da ke tafiya da harsashina a hanjinta. Daren nan ban yi barci ba. Washegari ungulaye ne suka nuna mana wurin. Kuraye sun riga mu. Sai kai da ƙasusuwa da ɗan guntun fata. Dabbar da ta fi kilo 200, wadda da an same ta da sauran rai an yanka, da ƙauyen da ke gefen sansanin sun ci nama, ta zama mushe saboda na ƙi jin kalma ɗaya. Ƙa'idar farauta ita ce dabbar da ka zubar wa jini an lissafa ta a kanka, ka same ta ko ba ka same ta ba. Na biya, kuma ban ji zafin kuɗin ba. An tambaye ni ko ina son ƙahon, na ce a'a.

Kwana biyu na zauna a sansani ina jinyar ƙafa. Na roƙi mahalbin ya koya mini daga farko, kamar yaro. Ya ba ni ƙaramar bindiga marar naushi, ya kafa kwali, na yi ta halbi a kan sanduna har na daina runtse ido. Ya sa ni in riƙa jan kunama babu harsashi, ina fitar da numfashi a hankali. Ya kuma gano cewa madubin bindigar bai dace da idona ba, don idon ya tsufa ban sani ba, ya gyara shi. Abin da na koya cikin kwana biyun nan, da na koye shi a shekara 30, da ya zauna a jikina. A lasisina akwai ɓauna, amma na ce na haƙura. Ɓauna idan ka raunata ta takan ɓuya ta jira mai bin ta, kuma wanda ke gaba shi ne wannan dattijo mai ƴaƴa a gida. Ba ni da hakkin sa ransa a hannun da bai ƙware ba. A rana ta tara na halbi kanki daga kusa, ya faɗi nan take, saurayin ya ruga ya yanka shi yana da sauran motsi, aka raba naman.

To ku masu ƙuruciya da wannan abu ke ranku, ku fara tun yanzu da abin da ba ya buƙatar miliyoyi. Ku taka ƙafa. Yashin Gulbin Maraɗi da rani ya ishi mutum horo. Awa biyu bayan sallar asuba, da takalman da za ka yi tafiya da su, da gorar ruwa a baya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ku zauna da tsofaffin mahalban da suka rage a Tibiri da Madarunfa da ƙauyukan kewaye, ku tambaye su sawu da iska da halin kowace dabba, don wannan ilimi yana tafiya da su kabari. Idan kuwa shekaru sun riga sun ja kamar nawa, ka je wurin lokotoro wata shida kafin tafiya, a auna jini da zuciya da ido, ka faɗa masa gaskiyar abin da za ka yi. Ka tabbata katin rigakafin shawara yana hannunka, ka nemi maganin zazzaɓin cizon sauro. Ka kuma faɗa wa masu sansani shekarunka da ciwonka tun a waya, za su san irin tafiyar da za su shirya maka.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da halbin sata a nan gida. Nijar tana da dokar farauta ta 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ba wasa suke yi ba. Ko babu su ma, abin da ya rage mana bai kai a taɓa ba. A 2012 mahaya dawakai suka shiga Buba Njidda suka kashe giwaye ɗaruruwa saboda haure. Masu bin sawun da na zauna da su har yanzu da baƙin ciki suke ambaton abin.

Jikana mai shekara 16 ya fara bina gulbi da safe. Na yi masa alkawarin idan sanyi ya shigo, kuma hanya ta yi kyau, za mu je Gadabeji, arewa da Dakwaro, inda aka mayar da raƙuman dawa daga Kure a 2018. Can ba a shiga da bindiga. Za mu nemi izini, mu bi bayan masu gadin wurin, in nuna masa yadda ake sakin toka a duba iska.